Ɗaukar Hoton Tsirrai a Gona: Ƙyarana Ba Kaktus Ba Ce

Ɗalibin da ya fita da kyamara ko waya zuwa gonakin Matazu da rani zai iya cin karo da ƙyarana a bakin shinge, kore shar, ga ƙaya, ba ganye. Da yawa kan rubuta "kaktus" a ƙarƙashin hotonta, domin ta yi kama da abin da suka gani a littafi. Wannan kuskure ne. Asalin kaktus nahiyar Amurka ne. Ita kuwa ƙyarana, da tinya da aguwa, 'yan gidan Euphorbia ne. Zaman ƙasa mai ƙarancin ruwa ne ya sa siffarsu ta zo ɗaya, kowa na ajiye ruwa a jikinsa.

Kyakkyawan hoto shi ke raba gardama. A matsa kusa a ɗauki ƙayar: ta ƙyarana bibbiyu take fitowa a kan gefen reshe, ta kaktus kuwa daga wani ɗan ƙullutu mai gashi. Sai fure, wanda a ƙyarana ƙanƙane ne ƙwarai. Sannan a ja da baya a ɗauki tsiron gaba ɗaya, da sanda ko fartanya a gefensa don a gane tsawonsa.

Kada a karya reshe don neman hoton farin ruwan da ke fita kamar nono. Ruwan nan na ƙona fata, in kuwa ya shiga ido yana iya makantarwa. Haka na tumfafiya da na kariya, wadda kan cika da jan fure da rani alhali babu ganye a jikinta. Dafi ne da ita. Malamai su ja kunnen ɗalibai tun kafin a bar aji.

Hasken safiya ko na la'asar ya fi na tsakar rana, wanda ke kashe launin fure. Hazon hunturu kan tausasa haske, amma ƙurarsa na hawa gilashin kyamara.

A ƙarshe a rubuta rana da wuri da sunan da mai gona ya faɗa, bayan an nemi izininsa na shiga. Irin waɗannan sunaye ne J. M. Dalziel ya tattara a ƙamusunsa na tsirran ƙasar Hausa a 1916, wanda har yanzu masana ke dubawa.