Bikin Rigata na Gungawan Yauri

Mutumin da aka haifa a Gude, ko a wani gari na ƙasar Gwarzo da Kabo, inda rafi kan cika da damina ya koma rairayi da rani har mata su riƙa tona shi suna kwasar ruwa da ƙoƙo, ba za a ga laifinsa ba in ya yi tababa sa'ad da aka gaya masa cewa a nan Arewa akwai al'ummar da kakanninta suka zauna a tsakiyar gulbi, ruwa gabas da su, ruwa yamma da su, ba su zuwa kasuwa ko ɗaurin aure ko ta'aziyya sai a cikin jirgi. Mutanen nan su ne Gungawa na ƙasar Yauri, a Jihar Kebbi ta yanzu, waɗanda suka kafa garuruwansu bisa tsibiran kogin Kwara, suna da harshensu na kansu, suna kuma jin Hausa. Kakanninmu fatake sun san su, domin ɗaya daga cikin hanyoyin da ayarin goro yake bi daga Kano zuwa Gwanja ta Yauri ta ratsa, kuma kome yawan jakunan madugu da 'yan rakiyarsa, in ya iso bakin Kwara tilas ya sauke kaya ya nemi masu jirgi su ƙetarar da shi.

Shi kogin Kwara, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. Daga duwatsun ƙasar Gini ya taso, ya nufi arewa ya ratsa Mali ta Bamako da kusa da Tambutu, sa'an nan ya juyo ta Gao da Yamai ya shigo Nijeriya, ya wuce ta gaban Yelwa, hedkwatar masarautar Yauri, kafin ya tarar da Binuwai a Lakwaja. Akwai wata hikima ta Ubangiji a cikin wannan kogi wadda ya kamata kowane manomi ya tsaya ya yi tunani a kanta, watau a wajen Yauri sau biyu yake kawowa a shekara. Cikar farko ita ce farin ruwa, wadda take zuwa wajen watan Agusta zuwa Oktoba, ruwan daminar ƙasashen kusa ne, gurɓatacce da laka. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, wadda take isowa a tsakiyar hunturu, lokacin da sama ta bushe sarai, ba hadari ko na magani, amma mutum ya wayi gari ya ga gulbi yana hawa. Dalili kuwa shi ne ruwan da aka yi a Gini da damina, in ya sauko Mali sai ya bazu cikin wata makekiyar fadama ta ƙasar Masina, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, lakarsa ta kwanta a can, sa'an nan ya fito garau ya kama hanya, bai iso Yauri ba sai mun gama girbi mun kai amfani rumbu.

A kan wannan cika biyu Gungawa suka gina zamansu. Suna shuka dawa da gero a tudun tsibiri, shinkafa a inda ruwa yake kwanciya, albasa kuwa da rani a gefen gulbi, inda mutum zai tsaya cikin ruwa iya gwiwa yana ɗiba da ƙwarya yana watsa wa kowane fangali tun hantsi har rana ta take, aikin da duk wanda ya taɓa noman lambu ya san abin da yake yi wa ƙugu. Albasar Yauri ta yi suna tun kafin zuwan injin ban ruwa. Maƙwabtansu Sarkawa su ne suka fi shahara da kamun kifi, suna kama giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa. Idan an gama aikin gona samarin Gungawa sukan yi kokawa, gari da gari, da kiɗa da 'yan kallo, kamar yadda ake yi a dandalinmu da kaka.

Amma manomin tsibiri yana da wani abokin gaba da manomin Gude bai sani ba, watau dorina. Dabba ce da nauyinta yakan kai kilo 1,500, ko ya ɗara, tana wuni cikin ruwa, tana iya nutsewa har kimanin minti biyar ba ta ɗago ba, in dare ya yi ta fito kiwo. Kuma in garken dorina ya faɗa gonar shinkafa, abin da mai gona ya yi wata huɗu yana wahala a kansa kafin asuba ya zama tarihi. Wadda take da ɗa kuwa ba ta jin tsoron kife jirgi da mutanen cikinsa. Masu ba da tarihin Yauri suna cewa a nan bikin Rigata ya samo asali, shekaru kimanin ɗari biyu da suka wuce: jaruman Gungawa sukan haɗu a jirage manya da ƙanana, da masu da sauran makamai, su fita farautar dorinar da ta addabi gonaki, fitar da take zama horo ga samari a kan tuƙi da yaƙin ruwa. Da Turawa suka kafa mulki suka hana kashe dorina, sai al'adar ta koma wasan nuna bajinta da ake yi a bukukuwan manyan gidaje, har zuwa lokacin da aka shirya wa Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, irin wannan wasa sa'ad da ya ziyarci Yelwa. A zamaninmu ana yin bikin a bakin gulbi a Yelwa, galibi wajen watan Fabrairu, a gaban Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da baƙi daga jihohi daban-daban.

Ran bikin akan yi tseren kwalekwale, da gasar iyo, da jerin gwanon jirage da aka ƙawata, makaɗa suna ciki suna yi wa matuƙa kirari. Ɗan kallo da ya zo daga tudu idonsa yakan tafi ga wanda ya zo na ɗaya, amma da zai kafa ido a kan jirgi guda tun tashinsa da ya ga abin da ya fi tseren ƙayatarwa. Matuƙa suna zaune a jere, kowa da filafilinsa, suna tsoma shi a tare suna zarewa a tare, ba mai riga wani, domin in hannun mutum ɗaya ya saɓa jirgi sai ya karkace. Na baya shi ne mai riƙe da hanya, idonsa yana kan fuskar ruwa, yana karanta inda igiya take da ƙarfi da inda dutse ko kututture ya ɓuya. Wani yaro kuma yana tsugune a tsakiya da ƙoƙo yana kwashe ruwan da ya fantsamo. In jirgi ya kife, abin da yakan faru a irin wannan gasa, mutanen cikinsa sukan fito da iyo su juya abinsu, don kuwa babu wanda aka sa a ciki sai wanda ya san ruwa tun yana ƙarami. A ganina wannan shi ne abin koyo a Rigata: wasan da ake yi rana ɗaya yana tsaye ne bisa ilimin da uba ya koya wa ɗa shekara da shekaru, da ladabin da ya hana kowa yin gaban kansa a cikin jirgi.

Tsibiran da aka yi wannan rayuwa a kansu, da yawansu yanzu suna ƙarƙashin ruwa. A 1964 aka fara gina madatsar Kainji domin samar da wutar lantarki, a 1968 aka tare kogin, tafki ya taru wanda tsawonsa ya wuce kilomita 130, ya cinye tsohon garin Busa da mafi yawan babban tsibirin Foge. Mutum fiye da 40,000 aka tayar aka mai da su sababbin garuruwa a gaɓa, Gungawa da yawa a cikinsu, suka bar gonakin albasa da kusheyin iyayensu. Duk wanda ya kunna fitilar lantarki a Kano, yana da kyau ya san cewa akwai waɗanda suka ba da gidajensu kafin ta samu.

To, yayin da aka raba mutanen ruwa da tsibiransu, mu mutanen tudu ruwa aka kawo mana har ƙofar gida. Tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda a mulkinsa aka gama madatsar Tiga a 1974, aka yi ta gina madatsu a Jihar Kano: ga Watari a Ɓagwai, ga Calawa a Ƙaraye, ga Guzuguzu da Magaga a wannan yanki namu. Alherinsu ba ya ƙirguwa, da noman rani da kifi da ruwan sha na mutane da dabbobi. Sai dai mun sami tafki ba mu gaji iliminsa ba, kuma sakamakon haka ya riga ya same mu. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi da ya taso daga Badau ya kife a ruwan Ɓagwai, cike da ɗaliban Islamiyya da suke kan hanyar zuwa Maulidi, aka rasa rai aƙalla 29, mafi yawansu yara. A watan Mayu na shekarar, a tafkin Kainji kansa, wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kan hanyar Wara ta ƙasar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Allah Ya jiƙansu da rahama. A wuraren nan biyu abin da aka fi ambata shi ne lodi fiye da kima, wanda in an yi shi ko gwanin Kwara ba ya tsira.

Saboda haka ga abin da ya wajaba mai karatu ya riƙe. Jirgi yana da iyakar abin da yake ɗauka, kuma alamarta a fili take: in bakin jirgi ya matso kusa da fuskar ruwa, har ƙaramar igiya tana iya tsallakowa ciki, to, an wuce haddi. Ranar biki da ranar kasuwa su ne ranakun hatsari, don kowa yana sauri, kowa yana cewa mutum ɗaya ba zai ƙara kome ba. In matuƙi ya ce, “Baba, a yi haƙuri a jira sahu na biyu,” kada dattijo ya ga an raina shi. In kuwa matuƙin ne kwaɗayi ya rufe wa ido, sai fasinja ya ce, “Malam, sauke ni,” ya fita da yaransa, ko da za a yi masa dariya. Kada a shiga ruwa da magariba ko da dare, abin da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta riga ta hana, kada kuma a shiga in hadari ya haɗo, domin iskar da take gaban ruwan sama ita ce take tayar da igiya. A zauna a ƙasan jirgi, kada a miƙe, kada kowa ya ruga gefe guda in an firgita. Rigar kariya da take hana nutsewa, a sa ta a ɗaure tun a gaɓa, tun ba yara ba.

Idan kuwa aka ga wani yana nutsewa, wanda bai ƙware da iyo ba kada ya faɗa, domin mai nutsewa yakan ƙanƙame mai cetonsa su tafi tare. A miƙa masa gora ko doguwar sanda, ko a jefa masa igiya, ko jarka maras kome da aka toshe bakinta sosai. In an fito da shi, a bar al'adar nan ta ɗaga ƙafafunsa sama ko danna masa ciki wai ruwa ya fito, ɓata lokaci ne kuma tana iya jawo amai ya shaƙe shi. A duba numfashi. In yana yi a kwantar da shi ta gefe a rufe shi da mayafi, in ba ya yi a hura masa iska ta baki a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi ba ƙaƙƙautawa, kuma ko ya farfaɗo a kai shi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ruwa yake ci a shekara, yara ƙanana suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Wani zai ce ai kowa da ajalinsa, kuma gaskiya ne, babu mai shakkar ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa kiyaye rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo domin tsarewa, tawakkali kuma ba ya kore riƙo da sababi. An ruwaito ma cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya yi umarni a koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki. Don haka ina kira ga masu unguwanni da limamai da malaman Islamiyya na ƙasar Gude, da duk garin da yake bakin dam, su nemi masuntan da suke zaune tare da su su koya wa yara iyo a wuri maras zurfi, babba yana tsaye a kansu, su kuma sa wani dattijo da ake jin maganarsa a mashigin jirgi duk ranar Maulidi da Salla da kasuwa, wanda zai ƙirga masu shiga ya ce ya isa.