Ibada da Istigfari a Goman Farko na Zulhijja

A Najeriya, kwanaki goma na farkon Zulhijja suna farawa ne da sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato. Daga nan ake so mai niyyar layya ya dakata da aski da yankan farce har sai ya yanka dabbarsa.

Ranar 9 ga wata, wato ranar Arfa, tana daga cikin ranaku mafi girman falala. Hadisi ya inganta cewa azuminta yana kankare zunuban shekarar da ta wuce da mai zuwa, ga wanda bai je Hajji ba. A unguwar Kabara, inda Gidan Ƙadiriyya na marigayi Shehu Nasiru Kabara yake, istigfari da hailala ba baƙon abu ba ne, sai dai tasbaha ba ta sauke haƙƙin mutane. Mai bashin ɗinki ko kuɗin adashi gara ya biya, wanda ya ɓata wa maƙwabci ya je ya nemi gafararsa tun kafin hidimar rago ta ɗauke hankali.

Ranar Salla babu azumi. A mazhabar Malikiyya ana kabbarori bayan sallolin farilla 15, daga Azahar ta ranar Idi zuwa Asubahin 13 ga wata.