Darasi Kan Jita-jita: Yadda Ɗalibi Zai Nazarci Halin Jama'a Daga Wayarsa

Akwai wani fanni na ilmi da ke binciken yadda mutum kan sāke tunaninsa da aikinsa saboda mutanen da ke kewaye da shi. Ana kiransa ilmin halayyar ɗan Adam cikin jama'a. A da sai malami ya tara mutane a ɗaki kāna ya gwada su. Yanzu kuwa wayar da ke aljihun ɗalibi ta isa ɗakin gwaji, muddin an koya masa yadda zai duba.

Ga misali daga ƙasarmu. Ran 20 ga watan Yuli 2014 wani matafiyi, Patrick Sawyer, ya shigo Legas da cutar Ebola. Cikin watan Agusta sai wani saƙo ya bazu ta wayoyi a dare ɗaya, wai wanka da ruwan gishiri da shansa na tsare mutum daga cutar. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya a Abuja ta ƙaryata maganar, amma aikin gama ya riga ya gama: an kwantar da mutane a asibiti, aka kuma ba da rahoton rasuwar aƙalla mutum 2. Abin lura shi ne, yawancin waɗanda suka yaɗa saƙon ba maƙaryata ba ne. Uwa ce ta tada ɗanta da asuba, wa ya kira ƙane. Ƙauna ce ta yi wa ƙarya dako.

Masana sun daɗe da sanin wannan hali. A shekarar 1947 wasu malamai biyu na Amurka, Gordon Allport da Leo Postman, suka bayyana cewa jita-jita na ƙarfi ne in abubuwa biyu sun haɗu, watau al'amarin ya dami mutane ƙwarai, kuma babu tabbataccen bayani. Sukan nuna wa mutum ɗaya hoto, ya ba na biyu labarinsa, na biyu ya ba na uku. Kafin a kai baki na biyar ko na shida, wajen kashi 70 cikin 100 na bayanin ya zube, saura kuwa an ƙara masa gishiri, an kuma karkata shi ya dace da abin da mai faɗa ya riga ya gaskata.

To, ɗaliban Jami'ar Abuja, ko na kowace makaranta, suna iya maimaita wannan gwaji ba tare da kashe kuɗi ba. A kasa aji gida biyu. Rukunin farko su miƙa wa juna labari ta saƙon murya, kowa da bakinsa. Na biyu su tura rubutaccen saƙo yadda yake. Sa'an nan a gwama. Rubutu ba ya zubewa a hanya kamar magana, don haka tambayar da ta fi amfani ita ce: me mai turawa ya ƙara a kansa? "Wani likita ne ya faɗa"? "Don Allah a yaɗa"? Ɗalibin da ya ƙirga irin waɗannan da hannunsa ya fi wanda ya haddace sunayen masana fahimtar darasin.

Lalle ne malami ya tsare sharuɗɗa. Labarin gwaji ya zama marar cutarwa, kada ya shafi lafiya ko addini ko ƙabila, kada kuma ya fita daga aji. Ba a kwafe saƙon kowa sai da yardarsa, a kuma goge suna da lambar waya kafin a rubuta rahoto, gama Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hau kan mai bincike kamar yadda ta hau kan kamfani. In an ƙare gwaji, a tara duk waɗanda suka shiga, a karanta musu labarin na asali.