Cutar Huntington: ɓarnar da ke riga rawar jiki zuwa

Da wuya a kawo mai cutar Huntington asibiti da wuri. Abin da mai wannan rubutu ya saba gani a ɗakin duba masu larurar ƙwaƙwalwa shi ne, sai yatsu sun fara motsi da kansu, kafaɗa tana zabura, tafiya ta koma kamar ta mai maye, bayan dangi sun gama zagayen masu maganin iska. Da an bi tarihi kuwa, sai a tarar mutumin ya daɗe da canza hali: saurin fushi, ƙunci, kasa tsara aikin da ya saba. An sha zarginsa kan abin da ba laifinsa ba ne.

Likitan Amurka George Huntington ne ya bayyana cutar a 1872, amma sai a 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta, da taimakon jinin iyalan masunta na gaɓar tafkin Maracaibo a Benezuwela, inda Nancy Wexler ta jagoranci bincike.

A cikin ƙwayar akwai haruffa uku, CAG, da ke maimaita kansu. A yawancin mutane maimaicin ba ya wuce sau 26. Wanda nasa ya kai 40, cutar za ta bayyana, galibi tsakanin shekara 30 zuwa 50. Wannan ƙari yana sa jiki ya ƙera furotin mai suna hantintin da tsawon da ya wuce kima, ya naɗe ba daidai ba, ya dunƙule a cikin ƙwayar jijiya, har cikin cibiyarta. Daga nan jigilar kayan aiki a doguwar jelar jijiyar ta yi rauni, samar da kuzari ya ragu, saƙonni su rikice, a ƙarshe ƙwayar ta mutu.

Abin mamakin, furotin ɗin yana ko'ina a jiki, amma ɓarnar ta fi afka wa wani sashe can tsakiyar ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa motsin da ba a so birki. Hoton MRI yana nuna ƙanƙancewarsa shekaru kafin a ga rawar jiki.

Kowane ɗa ko 'yar mai cutar na da kashi 50 cikin ɗari na gadonta, kuma maimaicin ya fi ƙaruwa idan ta wajen uba ta zo, shi ya sa wasu 'ya'yan kan fara da ƙuruciya. Gwajin jini yana tabbatar da ita. Maganin tetrabenazine yana rage motsin, sai dai ba ya hana ƙwayoyin jijiyar mutuwa.