Hotunan Damargu: an ɗauka da yawa, amma wa zai iya gano su?

A Tanut da Belbeji na ƙasar Damargu hoto ya wuce kayan adon bango. Ma'aikacin kiwo yana ɗaukar burtalin da manomi ya shuka a ciki, sakataren ƙungiyar makiyaya yana ɗaukar rijiyar da ta rufta, dillali kuma yana tura wa mai saye hoton raƙumi kafin a faɗa ciniki. Kowanne daga cikinsu shaida ce, sai dai shaidar da aka kasa fiddowa ranar da ake buƙatarta ba ta amfani kowa ba.

Mai wannan rubutu sana'arsa ke nan, tsara hotuna ga ƙungiyoyi da masu shagon hoto, kuma kusan kaya iri ɗaya ake kawo masa: katin salula cike maƙil, hotuna dubbai masu suna irin IMG_2041, rabinsu maimaici. Waɗanda suka biyo ta WhatsApp sun fi wuyar sha'ani. Manhajar tana matse hoto, ta goge bayanan da kyamara ta rubuta a cikinsa, wato rana da lokaci da wurin ɗauka. Ranar da ke jikin sunan hoton ma ta karɓa ce, ba ta ɗauka ba. Maganin mai sauƙi ne: hoton aiki a tura shi a matsayin takarda, sai ya isa yadda yake.

Manhajar da ta dace da nan ita ce wadda ba ta jiran rezo. digiKam kyauta ce, tana aiki a kan Windows da Linux da Mac ba tare da intanet ba. Tana zaƙulo hotuna masu kama da juna, tana gane fuska idan an koya mata suna, tana kuma gyara kwanan wata na hotuna ɗaruruwa a lokaci guda, abin da ke ceton mai kyamarar da agogonta ya ruɗe bayan batir ya daɗe a mace. XnView MP ta fi ta sauƙi ga tsohuwar kwamfuta. Lightroom kuwa biya ake yi. Google Photos tana ba da giga 15 kyauta, amma tare da Gmail da Drive ake raba su, kuma tun ranar 1 ga Yunin 2021 duk sabon hoto yana cin wurinsa a ciki.

To amma manhaja ba ta san Damargu ba, sai abin da aka faɗa mata.

A nan aikin yake. Kowane tarin hoto a ba shi suna da ya fara da shekara, sai wata, sai rana, sannan gari da abin da ya faru, domin jerin ya bi kansa da kansa. Sunan gunduma kaɗai ba ya isa. Kafin 2011 Belbeji tana ƙarƙashin Tanut ne, saboda haka hoton 2009 da aka rubuta wa "Tanut" zai iya zama na ƙasar Tarka inda Belbeji take, ko na Gangara, ko Falenko, ko Olelewa, ko Tenhiya. A sa ƙauye, a sa ƙaramar hukuma. A kuma tsaida rubutu ɗaya: idan wani ya rubuta Belbédji, wani Belbeji, kwamfuta gari biyu take gani, mai nema ya samu rabi ya ɗauka shi ke nan. Kalmomin nema su zama kaɗan, waɗanda kowa a ofis ya yarda da su: rijiya, burtali, fara, gobarar daji, rigakafi, kasuwa. Sannan a umurci manhajar ta rubuta su a cikin hoton kansa, yadda ko an sauya kwamfuta bayanin zai bi shi.

Darajar wannan wahala an gan ta a Mali. Jami'ar jihar Mishigan ta Amurka ta haɗa kai da iyalan masu hoto biyar, ciki har da Malick Sidibé wanda ya rasu a 2016, aka kwafe fina-finan hotunansu kimanin 100,000 zuwa kwamfuta, aka jera su yadda za a iya nema. Tsofaffin hotunan shagunan Damargu na bukin aure da suna da hawan salla irin wannan kulawa suke so, tun dattawan da za su iya cewa wane ne wannan suna raye.

Sai ajiya. Zafi da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta ba sa raga wa na'ura, kuma manomin Damargu bai taɓa zuba geronsa duka a rumbu ɗaya ba. Ƙa'idar da Ba'amurken mai hoto Peter Krogh ya yaɗa ita ce kwafi 3, a kan na'urori iri 2, kwafi 1 a wani wuri daban. Ga ofis a Tanut, wannan na nufin kwamfuta, da faifan ajiya a cikin akwati, da wani faifan da ake aikawa Zinder ana sabunta shi lokaci-lokaci.

Hotunan mata da yara da marasa lafiya a ware su a sa musu makulli, kada su fita sai da izinin masu su, kuma a cire bayanin wurin ɗauka kafin a sa kowane hoto a Facebook. Wanda tarinsa ya yi yawa ya fara da hotunan bana, waɗanda yake tuna ranarsu da mutanensu, sannan ya riƙa komawa baya shekara-shekara.