Riba Biyu a Rubutu Ɗaya: Matsalar Fassara Kalmomin Kuɗi da Ciniki

Tun daga shekarar 1939 da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, masu fassara suke fama da kalmomin kuɗi na Ingilishi. Har yau ɗalibin da ya zaga kasuwar Tudun Wada zai tarar matsalar tana nan, musamman wajen kalmomi uku, wato profit da interest da usury.

Kalmar profit tana nufin abin da ɗan kasuwa ya samu bayan ya fitar da uwar kuɗi da ɗawainiya. Interest kuwa ƙari ne da mai ba da bashi yake ɗora wa wanda ya ci bashin, wato kuɗin ruwa. Ita usury a da tana nufin kowane irin kuɗin ruwa, amma a Ingilishin yau ta taƙaita ga wanda ya wuce kima.

Inda gizo ke saƙar shi ne, Hausa ta aro kalmomi biyu daga Larabci, kuma rubutun boko ya mai da su iri ɗaya: riba. Ta ciniki wasalinta na farko dogo ne, ta bashi kuwa gajere. Kunne yana rarrabe su, amma ido ba ya iyawa, domin ƙa'idar rubutu ba ta nuna tsawon wasali. Alhali aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta raba hukuncin ciniki da na ribar bashi. Alal misali, bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012, in aka rubuta cewa ba ya cin riba, mai karatu yana iya zaton ba ya samun komai. Daidai shi ne a ce ba ya karɓar kuɗin ruwa.

Haka kuma lend da borrow sun bambanta ne ta fuskar mai bayarwa da mai karɓa. Bahaushe kuwa abin da za a mayar yake dubawa: aro shi kansa abin ake mayarwa, kamar keke, rance kuwa kwatankwacinsa, kamar kuɗi ko hatsi.

Saboda haka, kafin mai fassara ya zaɓi kalma, wajibi ne ya tantance ko ƙarin daga ciniki ya fito ko daga bashi, domin kuskuren wasali ɗaya yana iya mayar da halal haram a idon mai karatu.