Ajiyar Maigida Tana Hannunka

Karatu: Luka 19:11-27

Ka san mai susu. Kullum yana zagawa daga Ayigya Zango har Tech Junction, yana karɓar zubin mai koko da mai shinkafa da wake da tela, yana sa alama a kati. A ƙarshen wata sai ya mayar wa kowa nasa, ya riƙe zubin kwana ɗaya ladan wahalarsa. Jakarsa cike take, amma ya san kuɗin ba nasa ba ne, akwai kuma ranar lissafi. A watan Mayu na 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da bashi 347, talakawa da yawa suka yi ta zirga-zirgar neman guminsu. Mun san zafin cin amana.

Ubangiji Yesu ya ba da misalin nan a Yariko, bayan da ya sauka a gidan Zakka. Sun yi kusa da Urushalima, jama'a kuwa suna tsammani Mulkin Allah zai bayyana nan take. Sai ya ba su labarin wani ɗan sarauta wanda ya tafi ƙasa mai nisa domin a naɗa shi, sa'an nan ya komo. Masu jinsa ba su sha mamaki ba, gama haka Arkilayus ɗan Hirudus ya je Roma neman sarauta bayan rasuwar mahaifinsa.

Ka lura, bayi goma aka kira, kowa aka ba shi mina ɗaya, wato wajen ladan lebura na wata uku. Ba dukiya mai yawa ba ce. Na sha jin 'yan'uwa suna cewa, "Fasto, da ina da jari kamar na manyan Kejetia, da na yi wa Ubangiji aiki." Ɗan'uwa, Maigida ba zai tambaye ka jarin wani ba. Zai tambaye ka kwanakinka, da ƙarfin jikinka, da 'ya'yan da ya ba ka, da ɗakin hayar nan, da bisharar da ka ji.

Bawa na uku shi ne ya fi ba ni tsoro, domin bai saci ko kwabo ba. Ƙulle kuɗin ya yi a ƙyalle ya ajiye, wai yana tsoron maigidan, mutum ne mai tsanani. Duk da haka an kira shi mugun bawa, aka karɓe minar aka ba mai goma. Akwai irinsa cikin ikkilisiya. Ba ya shan giya, ba ya faɗa da kowa, amma shekara goma bai koya wa ɗansa addu'a ba, bai taɓa gaishe da marar lafiya a layinsu ba. In ka yi magana sai ya ce ai duniya ta kusa ƙarewa.

Maƙwabtanmu Musulmi a Zango sun san nauyin amana ƙwarai, suna kuma kallonmu. In ka karɓi ɗinkin Sallah ka yi alkawarin Laraba, to ka cika. In bashin mai shago yana kanka, ka je ka same shi yau, ko da rabi ne a hannunka.

Gobe, in Ubangiji ya yarda, za mu duba 2 Tasalonikawa 3, inda Bulus ya tsawata wa masu zaman banza.